Shekarar da Baba Ya Yi Su a Talabijin

Na sha jin kuna faɗa a tsakaninku, kuna dariya, wai gem ne ya cinye shagona na gyaran rediyo a Yelwa. Ban san wanda ya fara ba ku wannan labari ba, amma ina zargin Goggonku Asabe, domin ita ce ba ta ba da labari sai ta zuba masa gishiri da yaji. To, gem ɗin yana ciki, ba zan yi musu ba. Sai dai ba yadda ta faɗa ba ne, kuma tunda Allah ya ara mini kwana har na ga jikoki suna danna waya da babban yatsa, gara in rubuta muku yadda abin ya faru.

Mu masunta ne tun kaka da kakanni. A gungu aka haife ni, wato tsibiri a tsakiyar kogin Kwara, kuma ina ɗan yaro ruwan Kainji ya taso ya shanye shi, aka kwashe mu zuwa wata tunga kusa da Warra. Abin da ruwa ya rufe bai ɓace wa Baba ba. Ya san inda kowace kuka take tsaye a ƙarƙashi, da inda tsohuwar kasuwa take, da inda dutse ya yi rami kifi yake kwana. Waɗannan wurare su muke kira gurbi, kuma su ne gadon masunci. A gidanmu ba a faɗinsu a tudu. Uba yakan ɗauki ɗansa a jirgi ya kai shi, ya nuna masa, shi ke nan. Ni kaɗai ne namiji a wurin Baba, kuma ya fara nuna mini, bai wuce gurbi biyu ko uku ba sai ya tsaya. Ina da shekara ashirin lokacin, ina ji da kaina, don ban daɗe da kama wani giwan ruwa da sai da mutum biyu suka ɗauka ba. Kawai na wayi gari Baba ya daina tashina da asuba. A kwanakin na fara zama wurin wani mai gyaran rediyo ranar kasuwa, sai na yanke hukunci cewa rediyon ce ta ɓata masa rai. Na yi zuciya, na tattara na tafi Yelwa koyon gyara.

Shekara goma sha uku muka yi haka. Muna gaisawa, yana sa wa 'ya'yana albarka, amma da zarar na ambaci ruwa sai ya kama tasbihi. Da ƙafarsa ta hagu ta shanye, shekara uku ko huɗu bayan an ba mu jihar Kebbi, na ɗauko shi da Inna zuwa gidana. Ya zauna a zaure kan tabarma, bayansa a bango, ba ya cewa komai sai abin da ya zama dole. Ina kallonsa ina jin zafi, domin na san in ya tafi haka, duk abin da ke cikin kansa ya tafi, kuma ni ne ɗan da bai cancanci a nuna masa ba.

Ana cikin haka gem ya shigo gidan. Wani mai ɗaukar bandar kifi zuwa Kudu ne ya kawo mini akwatin in gyara wa yaransa, wata baƙar na'ura mai hannu biyu da igiya, da kaset huɗu a leda. Waya ɗaya ce ta tsinke a ciki. Da ya dawo ya ce ai ya riga ya saya musu sabo, in riƙe wannan. Na kai shi gida na haɗa da ƙaramar talabijin da batirin mota, don wutar gari ba abin dogaro ba ce, na ajiye a zaure saboda nan ne ke da iska bayan la'asar. Wallahi ban yi don Baba ba. Na yi don kaina, ina mutum mai 'ya'ya uku.

Na fara da na ƙwallo, kuma har yau ina yaba masa abu ɗaya: ihun 'yan kallo. In ka ci, sai zauren ya cika da sowa, ka ji kanka ya kumbura alhali kana zaune da ɗan kamfai da singileti. Amma 'yan wasan duk fuska ɗaya gare su, ba mai gajiya, ba mai faɗa da alƙali, kuma mai tsaron gidan wawa ne. Cikin kwana uku na gano in ka zo ta kusurwar hagu ka buga, ko sau ɗari ne sai ya faɗi dama. Daga ranar wasan ya mutu a wurina, domin ba daɗi ka ci wanda ba ya koyo. Na biyu na dambe ne, kuma yana da sauri, in ka kai naushi har cikin yatsa kake ji. Inna ce ta kashe shi. Ta tsaya da ƙwarya a hannu tana kallo, aka doki wani ƙato ya faɗi warwas, can sai ga shi ya miƙe rigarsa fes, ko ƙura babu. Ta ce ita ba ta kallon faɗan da ba a zuwa jiyya, ta wuce. Na tseren mota kuwa matata, innarku, ita ce gwanarsa, duk da takan ce ba ta so. Takan leƙo wai ta zo ɗaukar tsintsiya, sai ka gan ta ta karkata jiki gaba ɗaya tana shan kwana, tuwo yana ƙauri a madafa. Aibinsa shi ne ka daki bishiya da gudu, motar ta juya sau uku, ta sauka kan taya ta ci gaba. Duk wanda ya taɓa shiga motar Ngaski da damina ya san ƙarya ce.

Duk wannan Baba bai ko ɗaga ido ba. Kaset na huɗu na bari ƙarshe don hoton jikinsa ya goge. Da na sa, sai ga ruwa, ga ɗan jirgi, ga mutum riƙe da sandar fatsa. Na jefa, wani abu ya kama, na danna maɓalli da ƙarfi ina ja, igiya ta tsinke. Na sake, ta sake tsinkewa. A karo na uku sai na ji murya a bayana.

"Sake mai."

Na juya. Baba ne, idonsa kan talabijin.

"Sake mai igiya shi gudu. In ya gaji ka jawo. Kai da kihi ka kokawa?"

Na saki, kifin ya yi gudunsa, na ja a hankali, sai ga shi a jirgi. Wannan ce maganar ruwa ta farko da ya yi mini cikin shekara goma sha uku, kuma zagi ce, amma na ji daɗinta har na rasa inda zan sa kaina. Na miƙa masa hannun gem ɗin ba tare da na dube shi ba, don kada ya ji kunya ya fasa. Ya karɓa.

Yatsun Baba manya ne, igiyar taru ta mayar da su kamar icce, sai ya danna maɓalli biyu a lokaci guda. Amma cikin mako ya fi ni. Ya ce wanda ya yi wannan abu ya taɓa riƙe kifi a hannunsa, domin ya san yadda babba yake yin luf kamar ya mutu, sannan ya fizga. Ya yaba kuma da yadda kifin yake bin inuwar ciyawa, da yadda ba kowace ƙugiya yake kamawa ba. Iyakar yabon ke nan. Sauran duk kushe ne, kuma kushen nan shi ne abin da nake rufe shago da wuri don in zo in ji. Ya ce ruwan ba ya cika ba ya janyewa, to yaya kifi zai san lokacin ƙwai? Ba iska, ba dorina, ba wanda jirginsa ke yoyo. Rana tana tsaka kifi yana cin ƙugiya kamar da sanyin safiya, wanda ko ƙurungu, da ya fi kowa kwaɗayi, ba ya yi. A cikin kushen sai ya zarce: ai tarwaɗa ba ta zama irin wannan wuri, tana son gindin icce da ya nutse, giwan ruwa kuwa bakin rami yake tsayawa inda ruwa ke juyawa. Ina zaune ina haɗiyar kowace kalma. Bai faɗi gurbi ko ɗaya ba, amma ya buɗe baki.

Abin da ya fi tayar da gidan shi ne ƙarshen wasan. In lokaci ya cika, sai a ɗora kifinka a sikeli, a rubuta nauyi, a mayar da shi ruwa. Ranar da Inna ta gani, sai da ta ajiye abin da ke hannunta ta tambaya ko mutanen nan ba su da iyali. Na ce wasa ne. Ta ce to ko maƙwabta ba su da su? Ta yi kwana biyu tana ba matan unguwa labari, har suka riƙa zuwa ganin inda ake kama kifi a zubar. Zauren ya zama majalisa. Tsofaffi uku huɗu sukan zo bayan la'asar, kowa yana ba Baba shawara, shi kuma yana ce musu su yi shiru suna korar kifi. Na ga haƙoran Baba a wannan wata fiye da yadda na gan su tun ina yaro.

Wasan gasa ne, kuma abu ɗaya ne ya hana Baba cin ta. A cikin wasan akwai wasu jirage na na'ura, kuma ɗaya kullum yana tsaye a bakin wani icce, inda duk mai ido ya san nan babban kifin yake. Baba yakan tuƙa har kusa, ya tsaya, ya yi sallama da ƙarfi.

"Salamu alaikum. An samu?"

Sai ya jira. Mutumin talabijin ba ya amsawa, ko juyowa ba ya yi. Baba ya juya jirginsa ya tafi wani wuri ya kama ƙanana. Tsofaffin sukan yi dariya har da hawaye, shi ma yana murmushi, amma gobe haka zai sake. A ruwanmu haka ake yi: in ka tarar da mutum a gurbi, sai ka yi sallama, in ya ce bismilla ka jefa, in ya yi shiru ka wuce. Na ce masa Baba ai hoto ne, ba ya ji. Ya ce ya san hoto ne, shi ba yaro ba ne, amma hannu abin da ya saba shi yake yi. A ganinsa wannan ne babban aibin wasan, wanda ya fi na zubar da kifi: an cika ruwa da mutane, ba a ba su baki ba.

Wata Laraba na ƙosa. Ya rage kaɗan lokaci ya cika, Baba yana na biyu, kifi ɗaya mai kyau zai kai shi na ɗaya, ga tsofaffi suna zuga. Ya yi sallamarsa, ya fara juya jirgi. Na ce kawo ka gani, na zare hannun daga yatsunsa, na matsa har gefen jirgin mutumin, na jefa ta kan igiyarsa. Nan take kifi ya kama. Na saki, na ja, yadda ya koya mini, sai ga kifin da ba mu taɓa gani ba, talabijin tana kiɗa, sunan Baba ya hau sama. Na juyo ina dariya in ga fuskarsa.

Ba dariya a fuskar. Ya dube ni ya daɗe.

"Haka kay yi ma Ɗantani," ya ce. "Shi as sa ban ƙara nuna ma ba."

Ya nemi sandarsa, aka kama shi ya shiga ciki. Tsofaffin suka sulale ɗaya bayan ɗaya.

Baba Ɗantani abokin Baba ne tun a gungu. Na tsaya a zaure ina neman abin da na yi masa, sai ya faɗo mini. Giwan ruwan nan da na yi shekaru ina alfahari da shi, a gefen jirgin Baba Ɗantani na kama shi. Na gan shi a gurbinsa da safe, na ga ruwa yana motsi, ban yi sallama ba na watsa birgi, wato ragar jefawa. Bai ce komai ba, ni kuma na ɗauka ba komai. Inna ce ta ƙarasa mini a madafa. Ta ce Ɗantani bai kai ƙara ba, amma mutanen tunga sun gani, kuma Baba ya je da kansa ya ba da haƙuri, ya dawo ya ce ba zai ba da gurbi ga hannun da ba ya tsayawa ba, sai ranar da na gane da kaina na je. Na ce to me ya hana a faɗa mini? Ta ce shi yana jira in gane, ni ina fushi da rediyo, ita kuma an hana ta magana. Ta ƙara da cewa duk mu biyun kanmu ɗaya, kuma ba ta san wanda ya fi wani taurin ba. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na kuma ji haushi, domin shekara goma sha uku ba wasa ba ne.

Washegari ban buɗe shago ba. Na sayi goro, na shiga motar Warra. Na tarar da Baba Ɗantani a gindin mangwaro yana ɗinkin taru, ya tsufa, ido ɗaya ya yi fari. Na tuɓe takalmi na durƙusa, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya saurara har na gama, sai ya fashe da dariya har yana tari.

"Ɗana, kihin nan kwana tara ina hwakonai. Da nig ga ka ɗauke shi, sai da niy yi kwana biyu ban ci tuwo ba." Ya goge ido. "Na yahe tun shekaran nan. Ubanka na bai yahe ba. Shi dai haka Allah ya yi shi."

Ya tambayi ƙafar Baba, ya tambayi wannan akwati da labarinsa ya iso har tunga, ko gaskiya ne ana zubar da kifi. Da zan tafi ya ce in gaya wa abokinsa jirgi yana nan, in yana da ƙarfin zama.

Na dawo na faɗa wa Baba a zaure. Bai ce na kyauta ba. Ya tambaya ko Ɗantani har yanzu yana ɗinkin taru da ƙulli biyu, na ce ban lura ba, ya ce ai ba za ka lura ba. Can ya ce ruwa ya fara janyewa, in za a je, gara kafin iska ta taso.

Nan ne shagon ya fara tafiya. Wata huɗu muka yi muna zuwa tunga, kwana uku can, kwana huɗu Yelwa. Mai rediyo ba ya jira, in ya zo sau biyu ya ga kwaɗo a ƙofa, sai ya wuce gaba, kuma a shekarar wani saurayi mai hannu ya buɗe nasa kusa da tasha. Kafin damina ta sauka masu zuwa wurina sun koma can, ban kuma iya dawo da su ba. Innarku ta sha wahalar wannan shekara fiye da kowa, ita ta riƙe gidan da suyar kifi, kuma ba ta taɓa goranta mini ba, sai dai takan ce a bar mata kaset ɗin mota. Daga baya na koma sana'ar su gaba ɗaya, da ita na aurar da ku.

Kwanan baya ɗaya daga cikin jikokin ya nuna mini gem ɗin kamun kifi a wayarsa. Na yarda an ci gaba. Ruwan yana ƙyalli, ana ganin ƙaya a bayan kifi, har iska tana kaɗa ciyawa, abin da Baba ya nema bai samu ba. Amma kifin ya yi arha, ko'ina ka jefa sai ya kama, kuma kafin ka ja sau biyu an katse ka da talla. Na tambaye shi ko ana iya gaisawa da sauran jiragen, ya ce ana iya rubuta musu magana, sai dai yawanci zagi ake yi. Na mayar masa da wayarsa.

Ranar farko da muka shiga ruwa, goya Baba na yi daga gindin mangwaro zuwa jirgi, ina jin ƙasusuwansa a bayana, yana ce mini in bi a hankali ni ba jaki ba ne. Na zaunar da shi a gaba, na kama filafili. Hannuna ya manta, jirgin ya riƙa karkata, Baba Ɗantani yana bakin gaɓa yana dariya. Muka yi nisa har tunga ta koma ƙarama. Baba yana duban tudun gabas, yana duban wata giginya a yamma, yana ce mini dama, hagu kaɗan, har ya ɗaga hannu na tsaya. Ba komai a wurin, ruwa ne shimfiɗe ko'ina. Ya sa hannu a ciki ya jiƙa fuskarsa.

"Ɗakin innarka na nan ƙarƙashinmu," ya ce. "Nan anka yanke ma cibiya. Akwai tsamiya bayan ɗakin, tana nan tsaye, tarwaɗa ta cika gindinta."

Ina duban ruwan, hawaye suna zuba, shi kuma ya yi kamar bai gani ba. Ya turo mini birgi da ƙafarsa mai lafiya.

"Jehwa," ya ce. "Nan ba ka yi ma kowa sallama. Gidanku na."